Gwiwa ce ta Kumbura, Amma daga Hanji Abin ya Taso

Ƙanena tela ne, kekensa kuma a lokacin na ƙafa ne. Wata shekara da damina ta ja baya, ya je walimar wani abokinsa ya dawo da atuni. Kwana huɗu yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, ya sha ruwan gishiri da sukari, ciki ya lafa, kowa ya manta. Bayan kamar mako uku, da asuba ya sauke ƙafa zai tashi alwala, sai ya kasa taka diddigen dama, ya ce ji yake kamar ƙusa aka kafa masa a ciki. Kwana biyu tsakani gwiwar hagu ta tashi kamar an kifa ƙoƙo, in ka ɗora hannu ka ji ɗumi. Wani yatsan ƙafarsa ya kumbura tun daga tushe har farce. Sannan idanu suka yi ja, yana tashi da kwantsa.

Inna ta ce sanyi ne, yaro yana kwana a ƙasa a shago. Wani maƙwabci ya ce wani abu ya taka a ƙofar shagon, domin kasuwarsa ta buɗe kuma akwai masu baƙin ciki. Mai kemis ya ce apolo ne ya haɗu da sanyin ƙashi, ya ƙulla masa ƙwayoyi kala biyar a leda. Mun yi wata guda a haka kafin mu je asibiti. Likitan da ya duba shi ya matsa gwiwar, ya tsunkuli agarar, ya leƙa idon da tocila, sannan ya yi wata tambaya da na ɗauka ba ta da alaƙa da abin da ya kawo mu: "Malam, kafin wannan ciwon, ka yi gudawa ko zafin fitsari?" Ƙanena ya ce a'a. Can sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaya, ko atunin nan na bayan walima?"

Likita ya ajiye biro ya ce, "Yauwa. Ba ni labarinsa."

Likitoci suna kiran wannan ciwo riyaktif atraitis, ma'ana kumburin gaɓoɓi da ke zuwa a matsayin martani. Bari in kira shi amosanin martani, tunda amosani ne sunan da muka saba ba ciwon gaɓoɓi. Ƙwayar cuta ce take shiga jiki ta wata ƙofa daban, galibi hanji ko mafitsara da al'aura, garkuwar jiki ta tashi ta yaƙe ta, a gama yaƙin, sai bayan mako ɗaya zuwa huɗu gaɓoɓi su kumbura. In aka zuƙi ruwan gwiwar aka shuka shi a ɗakin gwaji, babu ƙwayar da za ta tsiro. Wannan ne ya raba shi da gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga suka yi mugunya a cikinta. A nan garkuwar jiki ce ta bar jaki tana dukan taiki.

Ƙwayoyin da aka fi kamawa da wannan laifi sanannu ne. Ta ɓangaren hanji akwai Shigela mai kawo atuni, da Salmonela, da Kamfilobakta da ake yawan ɗauka daga naman kaji da bai dahu ba ko madarar da ba a tafasa ba, da Yasiniya. Ta ɓangaren jima'i kuwa babbar mai laifi ita ce Kilamidiya. Masu bincike sun sami ɓurɓushin jikin waɗannan ƙwayoyi a cikin ruwan gaɓar marasa lafiya, abin da ke nuna cewa sojojin jini ne suke ɗauko su daga hanji su kai su can, su kuma ci gaba da faɗa da gawa. Kilamidiya ta fi wayo: takan lafe a cikin ƙwayoyin jiki da rai, ba ta hayayyafa sosai, ba ta kuma mutu ba, shi ya sa amosanin da ta jawo yakan fi naci.

An daɗe ana ganin ciwon kafin a gane shi, kuma yaƙe-yaƙe ne suka fi fito da shi, domin sansanin soja gidan atuni ne. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Jamus mai suna Hans Reiter ya rubuta labarin wani hafsa da ya yi gudawar jini, sannan gaɓoɓi da ido da mafitsara suka kama. A shekarar dai wasu likitocin Faransa biyu, Fiessinger da Leroy, suka ba da rahoton irinsa a tsakanin nasu sojojin. Shekaru da dama ana kiran ciwon da sunan Reiter, har aka yi watsi da sunan saboda mutumin ya shugabanci hukumar lafiya ta gwamnatin 'yan Nazi, kuma daidai aka yi, domin bai kamata mai ciwo ya riƙa ɗaukar sunan irin wannan mutum a katinsa ba. Ƙididdigar da ta fi buɗe ido ta fito ne daga Finlan. A 1944 annobar atuni ta kama mutane wajen 150,000 a can, wani likita mai suna Paronen ya bi sawu ya sami 344 da gaɓoɓinsu suka kumbura daga baya. Likitocin Finlan ne kuma a 1969 suka raɗa wa ciwon sunan da ake amfani da shi yanzu.

Duba wannan lissafi da kyau: mutum biyu da ɗoriya a cikin kowane dubu. Tukunya ɗaya aka ci, ƙwaya ɗaya aka haɗiya, amma 'yan kaɗan ne gwiwarsu ta amsa. A walimar da ƙanena ya je ma akwai waɗanda suka yi gudawar tare da shi, kuma babu wanda ya ɗingisa. Wani ɓangare na dalilin yana cikin gado. Akwai wata alama a jikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake kira HLA-B27, wadda a 1973 aka gano alaƙarta da wannan dangi na amosani. Wanda ke ɗauke da ita ya fi saurin kamuwa, ciwon ya fi yi masa tsanani, ya fi kuma taɓa masa ƙugu da ido. A tsakanin Turawa kusan mutum 8 cikin 100 suna da ita. A yawancin al'ummomin Afirka kudu da Sahara kuwa da wuya a same ta, shi ya sa tsofaffin littattafan likitanci suka ɗauka ciwon ba namu ba ne. Sai ga shekarun 1990, likitoci a Lusaka ta Zambiya suka fara ganin masu wannan amosani da yawa, akasarinsu masu ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma ba su da waccan alama. Darasi biyu ne a nan gare mu. Gwajin HLA-B27, mai tsada da wuyar samu, in ya fito babu, bai wanke Bahaushe daga ciwon ba. Kuma in likita ya nemi a yi gwajin ƙanjamau, ba zargi yake yi ba, ƙa'idar aikin ce. Ƙanena ya yi, ya fito lafiya, amma na ga yadda fuskarsa ta canza da aka ambaci gwajin, na kuma gode wa likitan da ya tsaya ya yi masa bayani kafin ya miƙa takardar.

Kamanninsa ba su da wuyar ganewa ga wanda ya san su. Ya fi kama matasa, 'yan shekara 20 zuwa 40. Ya fi son ƙafafu: gwiwa, idon sawu, yatsu. Ba ya kama gaɓoɓi da yawa, kuma ba ya raba daidai, sai ka ga gwiwar hagu da idon sawun dama. Yana son wurin da jijiya ta manne da ƙashi, shi ya sa agara da ƙasan diddige suke ciwo. Yakan sauka a ƙugu da ɗuwawu, ciwon da ke tsananta da dare da asuba, ya sassauta in an motsa jiki, saɓanin ciwon bayan da ɗaukar kaya ke kawowa wanda hutu ke sauƙaƙa shi. Wasu sukan sami ƙuraje masu kauri da ɓawo a tafin ƙafa, ko gyambo mara zafi a baki ko a kan kaciya. Ga zazzaɓi sama-sama, ga gajiya irin wadda barci ba ya kore ta. Littafi yana ambaton abu uku tare, gaɓa da ido da mafitsara, amma yawancin marasa lafiya ba sa haɗa ukun, don haka jiran su cika kuskure ne.

Inda gizo ke saƙa a wurinmu shi ne kalmar sanyi. Da ita muke kiran ciwon gaɓoɓi, da ita muke kiran ciwon da ake ɗauka ta jima'i, da ita mata ke kiran kowane irin ƙaiƙayi da ruwan gaba. Kalma ɗaya ta haɗiye cututtuka goma, sai mai tallar magani da lasifika ya zo da gora ɗaya ya ce ta kashe su duka. Abin mamaki, a wannan ciwon kaɗai hasashen mutanenmu ya kusa da gaskiya, domin lallai akwai hanyar da ta taso daga mafitsara ta ɓulle a gwiwa. Amma kusantar gaskiyar ce take jawo ɓarna. Da an ji namiji yana ɗingishi yana kuma kukan zafin fitsari, sai a fara kallon-kallo a gida. To, a sani: wanda amosaninsa ya taso daga gudawa ma yakan yi zafin fitsari, ba tare da wata cutar jima'i ba, domin kumburin ne ya taɓa hanyar fitsarin kamar yadda ya taɓa ido. Kilamidiya kuma takan zauna a jiki watanni ba alama, musamman a jikin mata, ta yadda ba mai iya cewa ga ranar da ta shigo gida ko ta hannun wa. Aure ya fi ƙarfin a rushe shi da zato. In gwaji ya nuna Kilamidiya, magani ya wajaba a kan miji da mata, in matan sun fi ɗaya to dukkansu, a lokaci guda, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa har a gama, in ba haka ba za a yi ta miƙa wa juna ita, gwiwa kuma ta yi ta tashi. Shi kansa amosanin ba a ɗaukarsa daga wani. Mai jinya ya ci abinci kwano ɗaya da mara lafiya ba fargaba.

Ina ganin rabin gane wannan ciwo yana bakin mara lafiya ne. Babu wani gwajin jini guda da zai ce ga shi. Gwaje-gwajen da ke auna kumburi sukan hau, amma suna hawa a cututtuka da yawa. Hoton ƙashi a farkon ciwo sau da yawa ba ya nuna komai. Ƙwayar da ta tayar da fitinar kuwa, in ta hanji ce, galibi ta riga ta fice kafin a kai kashi ɗakin gwaji. Abin da ya rage shi ne labari, kuma labarin nan biyu ne muke ɓoyewa: gudawa, don mun raina ta, da ciwon gaba, don muna jin kunya. Likita a asibitin gwamnati yana da layi har bakin ƙofa, ba lallai ya tuna ya tambaya ba. Mara lafiya ne zai faɗa ko ba a tambaye shi ba.

Sauran aikin likita shi ne kore abubuwan da suka fi haɗari. Gaɓa ɗaya mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi mai ƙarfi tana iya zama mugunya ce a ciki, kuma wannan takan cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ake sa allura a zuƙi ruwan. Da aka zo yi wa ƙanena, Inna ta hana, ta ce in aka taɓa ruwan gwiwa mutum ya gurgunce ke nan. Sai da na rarrashe ta. Na tsaya a kansa aka zuƙo sirinji biyu na ruwa rawaya mai ɗan duhu, kuma kafin mu fita ya ce gwiwar ta yi masa sakayau. Ruwan gaɓa jiki ne ke yin sa, yana kuma sake yin wani. A ƙasarmu dole a kuma tuna da sikila, da tarin fuka mai kama gaɓa, da ciwon sanyi na gonoriya da ke shiga jini, da zazzaɓin da ke bin ciwon maƙogwaro a yara ya taɓa zuciya. Kowanne maganinsa daban.

Maganar ido ba ta jira. Jan ido mai kwantsa da ƙaiƙayi yakan wuce da kansa. Amma in idon yana ciwo can ciki, mutum ba ya son haske, gani ya yi hazo, to kumburin ya shiga cikin ƙwayar idon, kuma a ranar ake neman likitan ido. Kada a ɗiga ruwan sukari, ko nonon mace, ko maganin ɗigawa da aka saya a kemis ba a duba ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Maganin gaɓoɓin kansa yana farawa ne da magungunan kashe kumburi irin su ibufurofen, nafroksen da diklofenak, a sha guda ɗaya a cikinsu, a kan ƙa'ida, na tsawon makonni, ba sai ciwo ya motsa ba. In gaɓa ɗaya ce ta ƙi, akan yi mata allurar sitiroyid a ciki. In an wuce watanni abin bai lafa ba, akan koma ga salfasalazin ko metotireksat, waɗanda ke buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, na biyun kuma haramun ne ga mai ciki ko mai neman ciki. Akwai allurai na zamani masu toshe wani sinadarin kumburi da ake kira TNF, masu tsada ƙwarai, kuma sai an tabbatar babu tarin fuka a ɓoye kafin a fara su. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da amfani in Kilamidiya ce, amma ga amosanin da ya biyo bayan gudawa gwaje-gwaje sun nuna ba ya rage kumburin. Masu shan kafso kala-kala wata da watanni da sunan maganin sanyi asarar kuɗi kawai suke yi, suna kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Ledar nan ta kemis ita ce ta fi ba ni tsoro da na fahimci abin da ke cikinta. Likita ya zazzage ta a kan tebur ya ware da bakin biro: magungunan kashe kumburi iri biyu, da deksametason, da kafso, da wata ƙwaya da ba suna. Gaskiya haɗin yana aiki, shi ne ma haɗarinsa. Mutum zai sha da dare ya tashi da safe yana taka ƙafa, sai ya koma ya sake saye. Magungunan kashe kumburi biyu a tare suna huda ciki, suna kuma gajiyar da ƙoda, balle a zafin bazara, ko ga mai azumi, ko wanda gudawa ta riga ta tsotse. Deksametason da firednisolon in aka daɗe a kansu sukan kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini, su rarake ƙashi, kuma ba a yanke su rana ɗaya, sai a hankali bisa umarnin likita. Tsaga da ƙaho a kan gwiwar da ta kumbura kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta zuwa wurin da da babu su. Maɗori gwani ne a karaya, amma nan babu abin da ya karye, ɗaure gaɓar da karare sai dai ya sandarar da ita.

Yawancin masu wannan ciwo suna warkewa cikin wata 3 zuwa 12. Wasu yakan dawo musu, musamman in sun sake kamuwa da gudawa ko Kilamidiya, wasu kuma 'yan kaɗan yakan zauna musu ya zama na dindindin, ya fi kama ƙugu da gadon baya. Waɗannan su ne ke buƙatar ƙwararren likitan amosani, kuma irinsu ba su da yawa a Najeriya, sai a manyan asibitocin koyarwa.

Amma wata shida a bakin likita kalma biyu ce, a gidan mai sana'ar hannu kuwa jari ne yake narkewa. Ƙanena ya rasa ɗinkin Sallah guda cur. Yaransa na shago suka watse, masu kaya suka zo suka karɓi yadinsu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ciwon ba ya tafiya a miƙe: yau ya taka har masallaci, gobe ya kasa sauka daga gado, sai masu gani su ce ai jiya mun gan shi garau, lalaci ne. Wanda ke zaune da mai wannan ciwo ya yarda da shi in ya ce yau ba dama. Ni kaina na taɓa ce masa ya daure, kuma har yau ina jin nauyin maganar.

Ƙananan dabaru ne suka riƙe shi. Tsuguno shi ne babban azaba ga mai kumburin gwiwa, sai muka sa kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kan masai. Sujada da zaman tahiya suka gagara, ya yi ta jin kamar sallarsa ba ta cika ba, har wani malami ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Daga ranar ya sa kujera a sahu ba tare da jin kunya ba. Ya bar silifas ɗin roba ya koma takalmi mai taushin ciki da ɗan tudu a diddige. Da safe yakan jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya naɗe gaɓoɓin kafin ya taka. Mai gashin ƙashi a asibiti ta koya masa ya kwanta ya miƙe ƙafa ya ɗaga ta sama ya riƙe, domin naman cinya yana saurin zubewa in gwiwa ta yi ciwo, kuma in ya zube gwiwar ba ta da mai tallafa mata. Ta ce masa ranar da gaɓa ta yi zafi a huta, ranar da ta lafa a motsa, kwanciya ta dindindin ita ce mai sandarar da mutum. Da azumi ya zo, ya koma wurin likita aka sake tsara masa lokutan shan magani, aka kuma duba ƙodarsa.

A wata na bakwai gwiwar ta sace gaba ɗaya. Diddigen ne ya fi daɗewa, har yanzu in ya yini a tsaye yakan ji shi washegari da asuba. Ya sayar da tsohon keken ya sayi mai mota, wanda ɗan taɓi kawai yake so. Ruwan shagonsa yanzu tafasasshe ne a cikin jarka, kuma ba ya cin abincin taro da ya kwana. Bara da damina ciki ya sake ɓaci masa kwana biyu. Ya ɗauko littafin da yake rubuta awon masu ɗinki, ya buɗe bangon baya ya rubuta ranar, ya ƙirga mako huɗu ya ja layi a ƙarƙashi. Da ranar ta cika ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, gwiwa shiru."